Daga Sifawa zuwa Madubin Likita: Tarihin Sanin Saƙar Jiki da Halittar Ɗan Tayi

Duk wanda ya shiga karatun likita a Nijeriya, kafin a bar shi ya taɓa majiyyaci sai ya ratsa wasu fannoni biyu da ɗalibai suka fi kuka da su. Ɗaya shi ne histoloji, ilimin saƙar naman jiki yadda ake ganinta a ƙarƙashin madubin likita. Ɗayan embiriyoloji, ilimin yadda ɗan tayi ke ginuwa a mahaifa. Yaron da ya taso a Shagari ko Bodinga ya sami gurbi a jami'ar Sakkwato yakan ɗauka ilimi ne baƙo tun daga tushe. Kayan aikin lalle baƙi ne. Tambayoyin kuwa, da me aka yi tsoka da ƙashi, ta yaya ɗigon ruwa ke zama mutum, sun daɗe ana yin su a ƙasar nan.

Abin da hannu ya sani

Ba mai iya sa wa wannan mafari shekara. Majemin da ke sarrafa fatar jar akuyar Sakkwato ya san fata hawa-hawa ce: yana jiƙa ta, ya kankare gashi da saman, ya bar ƙasan mai ƙarfi, sa'an nan ya tsuma shi a ruwan bagaruwa don kada ya ruɓe. Wannan hawan na ƙasa shi ne mai zaren da likitoci ke kira kolajin. Mahauci ba ya rikita guringuntsi da jijiya, ko kitse da ɓargo. Ungozoma ta san mabiyiya gaba da baya, ta kuma san in guntunta ya maƙale a ciki jini ba zai tsaya wa mai jego ba. Sani ne na gaskiya, sai dai iyakarsa inda ido ya tsaya. Abin da ke bayan wannan iyaka sai aka cike shi da zance. Ana cewa in mai ciki ta fita da tsakar rana ko da almuru iska na iya shafar cikin, a haifi ɗa da tawaya. Wannan faɗa ce ta gargajiya, ba abin da aka gani ba.

Rubutaccen tarihin da za mu bi a nan ya fara ne da Yunanawa. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotal ya riƙa fasa ƙwan kaza kwana bayan kwana, har ya ga wani ɗan ɗigon jini yana bugawa wajen kwana na uku, ya gane zuciya ce. Daga nan ya yanke cewa gaɓoɓi suna fitowa ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ya yi daidai. Ya kuskure a inda ido bai kai ba, don ya ɗauka jinin haila ne kayan ginin, maniyyi kuma mai ba shi siffa. A ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa aka yi Jalinus, likitan sarakunan Rum. Birai da aladu ya feɗe, ba mutane ba, amma maganarsa ta zama doka fiye da shekara dubu, da daidanta da kuskurenta.

Bagadaza, Kurɗuba, Alƙahira

A ƙarni na 9 Hunainu bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya juya littattafan Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya tsara su cikin Alƙanun, inda ya raba sassan jiki gida biyu: masu kama ɗaya duk inda aka yanka, kamar ƙashi da tsoka da jijiya, da kuma haɗaɗɗu, kamar hannu da fuska, waɗanda aka harhaɗa daga na farkon. Wannan rabo, wanda asalinsa ke komawa ga Aristotal, shi ne kakan histoloji. A Kurɗuba ta Andalus, cikin ƙarni na 10, Aribu bin Sa'ad ya rubuta littafi sukutum a kan halittar ɗan tayi da kula da masu ciki da jarirai.

Wanda ya fi burge ni a wannan zango shi ne Ibn al-Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288. Jalinus ya ce akwai ƙofofi a bangon da ya raba zuciya biyu, jini na ratsawa. Ibn al-Nafis ya ce babu, jinin ta huhu yake zagawa, kuma dole a sami wasu hanyoyi a cikin huhun da ke sada jijiyar shiga da ta fita. Hankali ya kai shi inda ido bai iya zuwa ba, aka kuwa yi kusan shekara ɗari huɗu kafin wani ya ga hanyoyin.

Madubi, 1661 zuwa 1759

Ana cewa wasu masu gyaran tabarau a garin Middelburg na Holan ne suka fara haɗa madubin wajen 1590, amma masana tarihi ba su gamsu da shaidar ba. Abin da ya tabbata shi ne a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya duba huhun kwaɗo ya ga siraran jijiyoyin da Ibn al-Nafis ya yi hasashe. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya yanka ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya ga 'yan ɗakuna jere, daga nan aka sami sunan ƙwayar halitta. A 1677 Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft, ya ba da labarin wasu 'yan halittu masu wutsiya da ke iyo cikin maniyyi.

Sai ganin ya haifi sabon ruɗu. Wasu suka ce ai cikakken mutum ne ɗan mitsitsi a naɗe cikin kan ƙwayar maniyyin, girma kawai yake yi. A 1694 Hartsoeker har zana shi ya yi, ko da yake bai ce ya gan shi ba. Wasu suka ce a'a, cikin ƙwan mace yake. Ana cikin wannan ja-in-ja, daga 1759 Caspar Wolff ya koma kan ƙwan kaza har ya nuna cewa da farko babu gaɓa ko ɗaya, shimfiɗaɗɗen faifai ne ke naɗewa ya zama bututu, bututu ya zama gaɓa. Madubi mai hazo a hannun wanda ya riga ya yanke hukunci bai hana kuskure ba.

Shekarun Sifawa da Bodinga

Yanzu labarin ya iso gida. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma bayan zaman Gwandu Shehu ya koma Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bodinga a yau, ya zauna yana karantarwa har 1815 da ya tashi zuwa Sakkwato. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Bodinga, kusa da shi. A waɗannan shekaru wannan ɗan yanki ya cika da ɗalibai da littattafai, kuma ilimin ɗibbu na cikin abin da jama'ar Shehu suka ba muhimmanci. Abdullahi ya wallafa Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido, da basur, da amfanin filasko.

Game da ɗan tayi, abin da almajirin wancan zamani ya riƙe iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai nassi: matakan halitta da Suratul Muminun ta ambata, nuɗufa da alaƙa da mudga da ƙashi da tsoka, da hadisi na huɗu cikin Arba'una na Nawawi mai maganar kwana arba'in-arba'in. Akwai kuma ɗibbu na littafi, mai ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, wanda gadon Jalinus ne da ya bi ta Larabci. Na biyun ƙoƙarin ɗan Adam ne, yana karɓar gyara, kuma an gyara shi. Wanda ya ba shi alfarmar na farkon bai yi wa kowannensu adalci ba.

A daidai waɗannan shekaru abubuwa na ta faruwa a Turai. A 1800 da 1801 Xavier Bichat na Faransa ya fitar da littattafan da suka raba jiki zuwa saƙa iri 21. Bai yarda da madubi ba. Dafawa yake yi, ya jiƙa, ya shanya, ya bar nama ya ruɓe, ya ga wane sashe ke jurewa. Ana cewa ya buɗe gawa ɗari shida cikin hunturu guda, ko da yake irin wannan adadi ba ya rasa ƙari. Ya mutu a 1802 yana da shekara 30, ya bar ra'ayin da ya canza likitanci: cuta ba gaɓa duka take kamawa ba, saƙa guda take fara ci. A 1817, shekarar da Shehu ya rasu, Christian Pander ya bayyana hawa-hawan farko na ɗan tsako. A 1827 Karl von Baer ya ga ƙwan dabba mai shayarwa a jikin karya.

Hanyoyin biyu sun kusa haɗuwa. Da Bature Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Bello ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila. Clapperton ya dawo, amma likitocin da suka taso tare da shi ba su iso ba, shi kansa ya mutu kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Shekara ɗaya bayan haka Schleiden ya ce duk tsiro da ƙwayoyin halitta aka gina shi, a 1839 Schwann ya ce dabba ma haka. Nakan yi tunanin abin da mutum irin Bello, mai son bin diddigi, zai yi da wannan labari da ya riske shi.

Rini, 1856 zuwa 1906

Naman jiki in an yanka shi siriri ba ya da launi, ba a ganin komai. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne sana'ar marina. A 1856 William Perkin na Ingila ya haɗa rinin farko daga kwalta, masana'antun Jamus suka ɗauka, likitoci suka ara. A shekarun 1860 aka daidaita rinin hematoksilin, wanda ake samu daga wani itacen Amurka ta Tsakiya, a shekarun 1870 aka haɗa shi da iyosin. A 1893 Ferdinand Blum ya gano cewa fomalin na ƙandarar da nama ya hana shi ruɓewa, aikin da bagaruwa ke yi wa majemi.

Tsarin da aka kafa a lokacin shi ne ɗalibi ke gani har yau. A tsoma guntun nama a fomalin, a zuƙe ruwansa da sinadarin barasa, a dasa shi cikin kakin kyandir, a yanka da injin aska zuwa kaurin da bai wuce kashi ɗaya cikin 200 na milimita ba, a ɗora a gilashi, a rina. Ƙwallon tsakiyar kowace ƙwaya ya fito shuɗi, sauran jikinta ja-ja. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada zoɓo da karan dafi a wannan aiki, abin da ya cancanci a ba shi ƙarfi.

Da wannan kayan aiki saƙa 21 na Bichat suka dunƙule zuwa huɗu. Akwai mai lulluɓi, wadda ke rufe fata da cikin hanji da huhu, ita ce kuma ke naɗewa ta zama masu fitar da gumi da nono da yawu. Akwai mai haɗi, wadda ta ƙunshi kitse da guringuntsi da ƙashi, har da jini. Akwai tsoka iri uku: ta motsin ganin dama, ta zuciya, da ta bangon hanji da mahaifa. Akwai saƙar ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin saƙo. Robert Remak ya tabbatar da hawa uku na ɗan tayi a shekarun 1850, ya kuma nuna ƙwaya rabuwa take yi ta zama biyu. Rudolf Virchow ya ɗora a kai a 1858, ya mai da asalin cuta cikin ƙwaya. A 1876 Oscar Hertwig ya ga ƙwallon maniyyi da na ƙwai suna haɗewa a jikin wata halittar teku, gardamar shekara ɗari biyu ta mutu: uwa da uba kowa ya kawo rabi. Camillo Golgi ya ƙirƙiro rinin azurfa a 1873 a wani ɗakin girki na asibiti, Ramón y Cajal na Sifen ya yi amfani da shi ya nuna ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a rarrabe suke, saɓanin ra'ayin Golgin kansa. Aka raba musu kyautar Nobel a 1906, ba su kuma daina saɓani ba.

Doguwar hanyar zuwa Sakkwato, 1903 zuwa 1988

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Likitocinsu sun zo da madubi, amma don lafiyar soja da ma'aikata, ba don koyar da 'yan ƙasa ba. Makarantar likita ta Yaba ta buɗe a 1930, Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. A Arewa, likita na farko ɗan ƙasa shi ne Dakta Barau Dikko na Wusasa, wanda sai da ya je Birmingham. An buɗe makarantar likita a Kano a tsakiyar shekarun 1950, ba ta daɗe ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a 1962, sashen likitancinta a 1967.

Shagari na da hannu a wannan zango. Ana cewa Ahmadu Rufa'i, kakan mahaifin Shehu Shagari, shi ya kafa garin. Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya gama Kwalejin Kaduna a 1944 ya dawo Midil ta Sakkwato a matsayin malamin kimiyya, shekaru da yawa kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Ana yawan manta wannan, alhali ba a yin likita sai an fara da irin wannan aji. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka mai da sunanta Usmanu Danfodiyo a 1988, asibitin koyarwarta ya tsaya da ƙafarsa a ƙarshen shekarun 1980. Tsakanin roƙon Bello da samun makarantar likita a birninsa an haura shekara 150.

Makonni takwas

A ƙarni na 20 aka kammala jadawalin ginuwar ɗan tayi. Cibiyar Carnegie ta Amurka ta fara tara 'yan tayin mutum a 1914, daga baya aka tsara su mataki 23. A 1956 Tjio da Levan suka ƙirga ƙullin gado da ke cikin ƙwayar halittar ɗan Adam suka sami 46, ba 48 da aka daɗe ana faɗa ba.

Ga yadda abin yake. Ƙwai da maniyyi na haɗuwa a bututun da ke kai ƙwai mahaifa. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, huɗu, takwas, wajen kwana na biyar ta zama ƙwallo mai rami, a ƙarshen makon farko ta fara nutsewa a bangon mahaifa. In ta maƙale a bututu, shi ne cikin da ke fashewa ya zubar da jini a ciki. A mako na uku faifan ya zama hawa uku. Na waje ya ba da saman fata da ƙwaƙwalwa da laka. Na tsakiya ya ba da tsoka da ƙashi da jini da zuciya da ƙoda. Na ciki ya ba da rufin hanji da huhu, da hanta. Zuciya na fara bugawa wajen kwana na 22. Bututun da zai zama laka da ƙwaƙwalwa na gama rufewa wajen kwana na 28. A ƙarshen mako na takwas tsawon tayin kamar santimita 3 ne, amma tushen kowace gaɓa ya kafu.

Da tsada aka koyi hatsarin waɗannan makonni. A 1941 Norman Gregg, likitan ido a Ostireliya, ya lura cewa matan da suka yi cutar rubela a farkon ciki suna haifar 'ya'ya da yanar ido. A 1961 aka gano maganin talidomaid, da ake ba mata don laulayi, ya sa an haifi dubban yara da dungulmin hannu da ƙafa. Daga nan aka daina ɗaukar mabiyiya katangar da ba abin da ke ƙetare ta. Wannan ya shafi duk mai sayen ƙwaya a kemis ko shan jiƙo ba tare da ta san tana da ciki ba.

A nan ne ilimin ke sauka ƙasa. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, sassan fuskarsa ne ba su haɗe ba wajen mako na shida zuwa bakwai. Yaron da aka haifa lafiya, daga baya cutar da likitoci ke kira noma ta ci masa kunci, lamarinsa daban ne: yunwa da ƙyanda da ƙazantar baki ne suka buɗe mata hanya, kuma don irinsa aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Bakwaini da ke fama da numfashi, wasu ƙwayoyin huhunsa ne ba su fara fitar da isasshen maiƙon da ke hana jakunkunan iska mannewa ba, abin da Avery da Mead suka bayyana a 1959.

Akwai kuma kwantaccen ciki. Ana cewa ciki na iya kwanciya shekaru sa'an nan ya tashi, kuma littattafan Malikiyya sun ƙaddara mafi tsawon ciki shekara huɗu ko biyar. Malaman sun gina wannan a kan labaran da suka iso musu, da nufin kare nasaba da kau da haddi, kuma hukuncinsa na hannun masana fiƙihu. A wajen likita kuwa ciki mako 38 ne daga haɗuwar ƙwai, ko 40 daga hailar ƙarshe, da ɗan ragi ko ƙari. Matar da ta ce cikinta ya kwanta tana buƙatar hoton ciki, wanda Ian Donald ya bayyana amfaninsa a 1958, don sau da yawa tayi ne ya mutu bai fita ba, ko ƙari ne a mahaifa, ko jini ya ɗauke saboda wani dalili. Raina maganarta ba zai warkar da ita ba, gyaɗa mata kai ma haka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jaririn da ake haifa da ƙullutu a gadon baya, ƙafafu ba motsi, kai na kumbura da ruwa. Irinsu ake kaiwa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Sakkwato. Bututun lakarsa ne bai rufe ba a mako na huɗu, lokacin da uwar ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. A 1991 wani babban gwaji da Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya ta jagoranta ya nuna cewa sinadarin folik asid na rage maimaituwar wannan tawaya da kusan kashi 70 cikin 100. Amurka ta wajabta zuba shi a fulawa daga 1998. Amma gidan da ke cin gero da dawa daga rumbunsa ba ya samun abin da aka zuba a fulawar kamfani, kuma matar da sai ciki ya fito take zuwa awo a Shagari ko Bodinga ta makara da watanni. Maikurogiram 400 a kullum ake so, a fara kafin a ɗauki cikin, wato tun ana shirin biki, tun kuma ana batun yaye.